Adakar Inna

Inna ba ta taɓa tara mu ta ce za ta yi tafiya ba. Gida ne ke ganewa da kansa. Sai ka ga ta aika an yanko mata naman cinya, an dafa, an daka, an soya dambu har ƙamshinsa ya kai zaure. Washegari a daka dakuwa, a ƙulla ƙuli-ƙuli da garin kwaki. Ta fito da butarta ta ƙarfe ta dirje ta da toka har ta yi ƙyalli. Daga nan sai adaka, wata tsohuwar adakar kwano shuɗiya mai jajayen furanni da suka koɗe, wadda mazauninta ƙarƙashin gadonta mai rumfa. Ranar da aka ji ƙarar janyo adakar nan a kan daɓe, matan gida sai su dubi juna, wata ta ce, "To, hanya ta kira Inna." Ba mai tambayar ina aka nufa. Sai an idar da sallar isha'i ta bi ɗaki-ɗaki tana sallama tana karɓar saƙo, sannan a ji ko Maraɗi ce, ko Ikko, ko Hubbaren Shehu za ta ziyara a Sakkwato.

Kakata ce ta wajen uba. Sunan mijinta, marigayi Malam, aka sa mini, saboda haka tun ranar sunana har ta koma ga Mahaliccinta bakinta bai taɓa furta sunana ba. "Maigida" take ce mini. In na yi ƙiriniya ta ce za ta kai ni gaban alƙali don ban ba ta kuɗin cefane ba. In na kawo mata goron sule ta ɗaga shi tana nuna wa kishiyoyinta, wato ƙannena mata, ta ce su gani da idonsu, ita ce mowa. Wasan kaka da jika ne, babu gidan Bahaushen da bai san shi ba. Nawa ne dai ya wuce wasa ya zama aiki: tunda ni ne maigida, ni ne ɗan rakiya.

Ba ta da takardar haihuwa, da sarakuna take lissafi. Mahaifiyarta ta shaida mata an haife ta shekarar da aka naɗa Sarki Alhaji, Abdullahi Bayero, wato 1926, a wani lungu cikin birnin Kano da ba shi da nisa da Kasuwar Kurmi. Mahaifinta falke ne, ɗan goro. Da ƙuruciyarsa ya bi ayarin jakuna zuwa Gwanja, da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911 kuma harka ta juya, sai ya koma ɗauko huhun goronsa ta Ikko. A gidansu sunayen garuruwa ne tatsuniya. Yaran maƙwabta suna jin labarin Gizo da Ƙoƙi, ita tana jin Salaga da Kumasi da Badun.

Tafiyata ta farko da ita a 1980 ce, ina ɗan shekara takwas, a hutun makaranta. Biki za mu a Agege. Lokacin Indiyawa ne ke riƙe da harkar jirgin ƙasa, manya suna ta yaba cewa jirgi ya dawo kiyaye lokaci, don haka tun da duhu ta tashe ni. "Maigida, tashi. Jirgi ba ya jiran mai barci." Har yau ina jin hayaniyar tashar Kano ta wannan rana: 'yan dako da kaya niƙi-niƙi a ka, buhunan albasa da barkono, kaji a akurki, mata na ƙwala wa 'ya'yansu kira. Inna ta ratsa cikin mutane riƙe da hannuna kamar tsakar gidanta take ratsawa. Ta sama mana kujera kusa da taga, ta tura adaka ƙarƙashi, ta ajiye buta tsakanin ƙafafunta, ta shafa ƙugunta ta tabbatar lalitar kuɗinta na nan, sannan ta yi bisimilla ta zauna.

Kafin mu kai Zariya ta san kowa a taragon. Tsarinta ɗaya ne ko'ina ta je: sallama tukuna, sai ta ɓare goro ta miƙa, sannan ta tambayi mutum ɗan wane gari ne, ɗan wace unguwa, ɗan gidan wa. Da wuya a yi tambaya uku ba ta gano wani da ta sani a danginsa ba. Da Bayarabiya ta yi Yarbancin kasuwa, da Babarbare ta gaisa da Barbarci, ta tsokani wani Bafulatani har ya rufe baki yana dariya. Tashoshin kuwa a jere suke a kanta kamar 'ya'yan carbi: Zariya, Kaduna, Minna, Zungeru, Jebba, Ilori, Offa, Oshogbo, Badun, Abekuta, Agege. Kowace da abin da ake saya a cikinta. Doya sai Minna. Soyayyen kifi sai Jebba. Lemo da ayaba, a bari sai an shiga ƙasar Yarbawa, can suka fi araha. Barci ya kwashe ni a cinyarta, sai na ji tana girgiza ni. "Tashi ka ga Kwara." Na leƙa taga, ga jirgi a kan gada yana tafiya a hankali, ga ruwa shimfiɗe iya ganina. Ni da ban taɓa ganin ruwan da ya wuce kududdufin unguwarmu da rafin Jakara ba, sai na ƙanƙame ta. Ta ce, "Wannan ai kogi ne. Ina ma ka ga Bahar Maliya."

A wannan tafiya ce, jirgi na gunji cikin dare, ta fara ba ni labarin hajjinta na fari. Daga baya na ji shi sau da yawa, gutsure-gutsure, wani a mota, wani a bakin murhu, amma na wannan daren ne ya zauna mini.

Sun tashi bayan an gama yaƙin Hitila, sojojin Bama suna dawowa gida, wato 1946. Tana da shekara ashirin, da goyon yaro ɗan shekara biyu. Malam tela ne, sai ya kwance kan kekensa na ɗinki ya naɗe a bargo, don shi ne jarinsu, shi ne guzurinsu. Ƙaninta, ɗan shekara goma sha biyar, ya kafe sai ya bi su, aka bar shi. Motar katako ta kai su Yarwa, daga nan Dikwa, Gamboru, Kusiri, suka haye kogi a kwale-kwale zuwa Fallomi, garin da aka sake wa suna Injamena a 1973. A nan kuɗi ya ƙare. Malam ya kafa keke a bakin kasuwa, ita ta kafa kaskon ƙosai. Da suka tara abin da suka tara suka ƙara gaba. Haka tafiyar take: a yi tafiya har aljihu ya bushe, a zauna a nema, a sake tashi. Damina in ta sauka hanya ta mutu, mota ba ta motsi, sai a jira kaka. Wani wuri a mota, wani wuri a bayan ayarin raƙuma, wani wuri a ƙasa da ƙafa, ita da goyo a baya da ƙullin kaya a ka.

A Abashe, babban birnin Wadai, ƙyanda ta shigo zangon alhazai. In ta kawo nan a labarin, muryarta ba ta sauyawa, sai dai ta dubi tafin hannunta. Cewa kawai take yi, "A Abashe muka bar yaron nan." Ɗan fari ne, kuma Inna 'yar zamanin da ce, kunya ba ta barin ta kama sunan ɗan fari ko yana raye, balle ya rasu. Na girma na san ina da baffan da ke kwance a ƙasar Chadi, amma ban san sunansa daga bakinta ba. Kwana bakwai suka ƙara a garin, ayari ya tashi, suka bi.

Sai Adire, sai Jinaina a bakin iyakar Sudan, inda ake duba takardu a yi wa mutane allura. Sai doguwar hanyar Darfur da Kurdufan har Al'ubayyid, inda layin dogo ya fara a wancan zamani. Daga nan jirgi ya kai su Kosti, Sinnar, Wad Madani. A nan suka yada zango mafi tsawo, shekara uku cur, a ƙasar Jazira da ke tsakanin kogunan Nilu biyu, inda Turawan Ingila suka buɗe gonakin auduga na noman rani bayan an gama madatsar Sinnar a 1925. Gonakin nan da guminmu aka raya su. Dubban mutanenmu masu niyyar Makka sun tsaya cirar auduga don haɗa kuɗin jirgin ruwa, wasu suka wuce, wasu har yau jikokinsu na can, ana ce musu Fallata ko Takari. Inna ta ciri auduga har yatsunta suka tsattsage, da yamma ta soya gyaɗa da waina ta sayar. A can ta haifi mahaifina, a 1949. Ta je Mai Wurno a bakin kogi, garin da Muhammadu Bello ɗan Sarkin Musulmi Attahiru ya kafa da sauran mutanen da suka tsira bayan yaƙin Burmi na 1903, ta ce ta zauna da tsofaffin da suka baro Sakkwato da ƙafarsu, suna tambayar ta labarin gida suna hawaye.

Daga Sawakin suka shiga jirgin ruwa, bayan an tsare su kwanaki ana duba lafiyarsu. Suka sauka Jidda. Suka tsaya Arfa a 1950, zamanin Sarki Abdul'aziz, shekara huɗu da barin Kano. Suka ziyarci Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, a Madina. A hanyar dawowa, da suka iso Wad Madani, ƙaninta ya ce su yi gaba, shi ya sami abin yi, zai biyo su baɗi. Baɗin da ba ta zo ba ke nan. Suka iso Kano a 1952, suka tarar an daɗe da fid da rai da su, mahaifiyarta kuma ta rasu da shekara biyu. Ba a jima ba Sarki Alhaji ya rasu, aka naɗa Ciroma Sanusi.

Yau alhaji na karyawa a Kano ya yi la'asar a Jidda, kuma alhamdu lillahi da wannan sauƙi, ba na raina hajjin kowa. Amma duk sanda na ji ana ƙorafin jinkirin jirgi na kwana ɗaya a sansanin alhazai, sai na tuna matar da ta biya shekara shida da ɗa guda.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba, bayan dawowarta shekara goma sha biyu ta yi a kulle. Matar da ta ratsa Wadai da Darfur da ƙafa, ko zaure ba ta leƙawa sai da dare, da izinin Malam, in an yi haihuwa ko rasuwa. Ban taɓa jin ta yi ƙorafin wannan ba. Abin da ya rage mata na hanya a shekarun nan shi ne gahawarta mai citta da take dafawa a 'yar tukunyar ƙasa irin ta Sudan, da kisira da miyar busasshiyar kuɓewa da take yi ranar Juma'a, da turaren wutar da ba a rasa shi a ɗakinta, da Larabcin da ke kuɓuce mata in ranta ya ɓaci.

Malam ya rasu a 1964, shekara guda bayan naɗa Sarki Ado. Ta yi takaba wata huɗu da kwana goma. Da ta fita, manema suka fito, don ba ta kai arba'in ba. Ta ce ta gode, aure ta yi shi ta gama. Ta janyo adaka. Tafiyarta ta farko Kumasi ce, wurin yayarta da aka kai aure can tun Inna na yarinya: jirgi zuwa Ikko, mota ta Kwatano da Lome da Ankara, sannan ta hau arewa zuwa ƙasar Asante. Ta tafi da kuka da daddawa da kanwa da zannuwan saƙi, ta dawo da atamfa da goro da labarin zango, inda ta ce Hausawan can sai su ce "matarka ya zo" ba su ji komai ba. Daga wannan tafiya ta gane ciniki zai iya ɗaukar nauyin zumunci, kuma a kan haka ta rayu shekara arba'in. Ba ta taɓa tara abin kirki ba. Ribar kowace tafiya kuɗin motar ta gaba ce da tsarabar yara.

An yi magana, ba zan ɓoye ba. An ce Inna ƙafar yawo gare ta. An ce mace mai mutunci ɗakinta ya fi mata. Wasu daga cikin masu faɗin haka 'yan uwa ne na jini, kuma ni kaina, da na fara zama saurayi, akwai lokacin da maganar ta riƙa sosa mini rai. Yanzu da na kai shekarun da zan iya auna abu, na san ba su yi mata adalci ba. Ban taɓa ganin Inna ta je gari don kallon gari ba. Ko'ina ta nufa akwai mutum a ƙarshen hanyar: mai jego, ko mara lafiya, ko wadda aka yi wa rasuwa, ko yarinyar da aka kai aure nesa ba ta da kowa, ko 'yan uwa biyu da suka yi shekara ba sa ga-maciji. In an ce mata ta aika da saƙo mana, sai ta ce, "Zumunci a ƙafa yake, ba a baki ba." Masu zargin nata kuwa, in 'yarsu ta yi yaji a Gusau ko ɗansu ya kwanta ciwo a Jos, Inna suke nema.

A watan Nuwamban 1969 gwamnatin Busiya a Gana ta ba baƙin da ba su da takardun zama mako biyu su bar ƙasar. Yayarta, da ta haura shekara talatin a Kumasi, ta haifi 'ya'yanta duka a can, tana cikin waɗanda aka loda a manyan motoci. Da labari ya iso Kano, maza suna shawarar abin yi, Inna ta riga ta kama hanyar tasha. Kwana tara ta yi a Ikko tana bin motocin da ke sauke mutane, mota bayan mota, tana kiran sunan yayarta, har Allah ya haɗa su. Wasu daga cikin 'ya'yan suka zauna Agege, su ne muka je wa biki a 1980. Ɗaya, mai auren ɗan ƙasa, ta tsaya Kumasi. Ɗaki guda ya rarrabu, kuma Inna ce zaren da ya riƙe su.

Ƙaninta na Sudan kuwa bai taɓa fita ranta ba. Wasiƙa suke yi da ajami, a ba alhazai, ta yi wata da watanni kafin ta isa. A haka suka yi alkawarin haɗuwa a Makka. Sai ga shi ranar 22 ga Janairun 1973, watan da aka daina fam da sule aka koma naira da kwabo, jirgin sama ɗauke da alhazai ya yi hatsari wajen sauka a filin jirgin Kano, mutum 176 suka rasu. Garin ya girgiza. Mutane da dama da suka yi niyyar hajjin gaba suka janye, 'ya'yanta suka taru suka roƙe ta ta haƙura. Ta ce wanda ya tsare ta a dajin Wadai shi ne mai sama. Ta biya kujera da kuɗin atamfa da na 'yan kunnenta da ta sayar, ta hau jirgin sama karo na farko. A wasiƙa sun yi da shi cewa kowa ya riƙa zuwa ƙofar Babus Salam ta Harami bayan la'asar, kullum, har Allah ya sa a gamu. Rana ta huɗu ta hango wani dattijo da farar jallabiya da rawani irin na Sudan yana duba fuskokin mata baƙaƙe ɗaya bayan ɗaya. Shekara ashirin da biyu rabonta da shi. Ta ce ba fuskar ta gane ba, tsayuwar mahaifinsu ta gani.

Bayan wannan sai aka koma kaset. Duk shekara in alhazai sun kusa tashi, Inna ta sa a kawo rakoda tsakar gida, a danna, ta yi sallama ta jero gaisuwa da labarin wanda ya mutu da wanda aka haifa, sannan a kira mu ɗaya-ɗaya kowa ya gaida Baba na Sudan. In alhazai sun dawo, nasa kaset ɗin ya iso tare da dabino da zamzam. A taru a saurara, Hausarsa ta fara karkata zuwa Larabci, 'ya'yansa suna gaishe mu da 'yar Hausar da suka iya.

Maraɗi kuwa, inda aka kai ƙanwar mahaifina aure, ba ta ma lissafa ta a tafiya. Fijo daga Kano zuwa Katsina, Jibiya, Ɗan Isa, kafin la'asar an isa. Na raka ta ya fi sau goma. Jami'an iyaka na ɓangarorin biyu sun san ta, Hajiya mai goro suke ce mata. Ita har ta mutu ba ta yarda akwai wata ƙasa daban a bayan Jibiya ba. In na ce mata yaran can lakwal suke zuwa mu kuma makaranta, kuɗinsu sefa namu naira, sai ta ce duk Katsinawa ne, Bature ne ya ja layi.

A 2006, tana da shekara tamanin, Allah ya hore mini na kai ta umara. A takarda aka rubuta ni muharraminta. Da na karanta mata, ta yi murmushi ta ce, "To, yau dai maigida ya yi aikinsa." Ɗawafi da ƙafarta ta yi shi, ta ƙi keke, tana dafe da kafaɗata. A Safa da Marwa ne, sawu bakwai, kusan kilomita uku, gwiwa ta gaza, ta yarda na tura ta. Muna tafe a kan farin dutse mai sanyi, fitilu ko'ina, tana waige-waige. Ta ce zuwanta na fari nan kasuwa ce, kantuna dama da hagu, kana sa'ayi masu saye da sayarwa na gittawa ta gabanka. Da muka kai Marwa a sawu na ƙarshe ta ce in juya ta ta fuskanci alƙibla. Ta ɗaga hannu ta fara jero mutanenta, iyayenta, Malam, yayarta, ƙaninta da ya riga ya rasu a Wad Madani. Sai na ji ta ambaci wani suna da ban taɓa ji ba, ta ce, "wanda na bari a Abashe." Shekara kusan sittin tana riƙe da sunan nan a cikinta. Ranar kaɗai na ji shi, kuma ban nuna mata na ji ba.

Daga nan tafiya ta fara ja da baya. Ido ya yi rauni, ƙafa ta kumbura, hanyoyin ma suka lalace. Jirgin ƙasa ya daɗe da tsayawa, titin Jibiya da take bi ita kaɗai da dare ya zama abin tsoro da rana tsaka. Da aka dawo da jirgin Ikko zuwa Kano a ƙarshen 2012, ta sa na kai ta tasha a mota. Ba ta sauka ba. Gilashi kawai ta ce a sauke, ta saurari kukansa, ta jero tashoshin nan nata tun daga Zariya har Agege ba ta tsallake ko ɗaya ba, sannan ta ce mu koma gida. Shekarunta na ƙarshe a kan buzunta ta yi su, carbi a hannu, buta a gefe. Duk baƙon da ya shigo gaishe ta, tambayar farko ita ce ta wace hanya ya biyo, kuma yaya ya baro mutanen can.

Ta rasu da daminar 2019, tana da shekara casa'in da uku, wata guda kafin a rufe iyakokin ƙasa. Aka kai ta maƙabartar Ɗandolo. Mutanen Maraɗi sun zo mota biyu, na Agege sun zo, ta Kumasi ta turo ɗanta. Kwana bakwai gidan bai rabu da baƙin fuskoki ba, kowa da labarin ranar da Inna ta sauka a gidansu da adakarta. Allah ya jiƙan ta, ya sa Aljanna ce zangonta na ƙarshe.

Mutanen Sudan ne kaɗai ba su zo ba, domin ba wanda ya sanar da su. Wannan laifin nawa ne, ni da na fi kowa sanin hanyoyinta. Na ce sai an yi bakwai, na ce sai an yi arba'in, shekara ta juyo ban yi ba. Kowannenmu na da waya a aljihu, muna da zauren dangi a WhatsApp da ake tura gaisuwar Juma'a, amma abin da tsohuwa ta riƙe da wasiƙar ajami da kaset shekara hamsin, mu muka sake shi cikin shekara huɗu.

Da yaƙi ya ɓarke a Sudan a watan Afrilun 2023, hankalina ya tashi. Da aka ce ya ci Wad Madani a watan Disamba, na je na janyo adakar daga ƙarƙashin gado, karo na farko tun rasuwarta. Ƙarar nan dai ita ce. A ciki na tarar da lalitarta, da tsohon fasfonta, da wasiƙun ajami ɗaure da zare, da kaset goma sha ɗaya. A jikin murfin daga ciki akwai lambar waya ta Sudan da wani jika ya rubuta mata da biro. Na kira ya fi a ƙirga, ba ta shiga. Na nemo tsohuwar rakoda wurin wani mai gyara, na sa kaset ɗaya. Muryar dattijon ta fito, yana gaida mutanen gida da sunayensu, rabinsu yanzu suna ƙasa. Can wajen ƙarshe ya ce, "Ina maigidan Yaya? A ce masa ya riƙe ta da kyau, in ya girma ya kawo mana ita."

Na tambayi ɗaliban da aka kwaso daga Sudan, na tambayi 'yan Sudan da suka zo Kano gudun hijira, har yanzu ina kan tambaya. Shi ya sa nake roƙon mai karatu. In ka san wasu Hausawan Wad Madani, ko suna can, ko yaƙi ya watsa su Gadarif ko Kasala ko Bur Sudan ko Chadi, waɗanda kakansu ya baro birnin Kano yana ɗan shekara goma sha biyar a 1946, tare da yayarsa da mijinta tela, don Allah ka isar musu da saƙo. Ka ce Inna ta rasu tun 2019. Ka ce gidan yana nan inda yake kusa da Kurmi, ɗakinta a share yake, kuma maigidanta na jiran su.